Tseren Inji A Gaɓar Kainji: Ra'ayin Da 'Yan Kallo Ba Su Son Ji

Sha'awar tseren motoci ta daɗe da shigowa Arewacin Nijeriya, amma ba ta taɓa yaɗuwa kamar yadda ta yaɗu tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa ba. A yau ɗalibin da ke zaune a Yelwa ta Yauri, ko ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Ngaski da ke Wara, yana iya kallon gasar Formula One ta ranar Lahadi daidai lokacin da mutumin Ingila yake kallonta, ya kuma raba dare yana gardama a kan ko Lewis Hamilton, mai kambin duniya bakwai, ya fi Max Verstappen iya tuƙi. Idan hira ta yi nisa a irin wannan majalisa, kukan da akan ƙare da shi ɗaya ne, watau an bar ƙasar Yauri a baya. Argungu ta sami tseren motoci, Legas ta sami tseren jiragen ruwa na zamani, ita kuwa Yauri ko filin da za a gwada mota babu.

Akwai wani ra'ayi da ya saɓa wa wannan kuka. Masu shi ba su da yawa, kuma duk inda aka faɗe shi sai an yi wa mai faɗar ca. Ra'ayin shi ne, ƙasar Yauri ba ta rasa tseren inji ba. Tana da shi a kan ruwa, ana yinsa kowace ranar kasuwa, ba alƙali, ba doka, da fasinjoji cike da jirgi. Har ila yau masu ra'ayin suna cewa abin da 'yan kallo suka fi ƙauna a wasan, watau gudu, shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abubuwan da wannan ƙasa take bukatar ta koya daga gare shi. Maganar tana da ɗaci, amma ta cancanci a saurare ta, domin kuwa rayukan mutane ne a cikinta.

Ya kamata a fara da Argungu, tun da yake da ita ake yawan kafa hujja. Bikin kamun kifi na garin ya sami siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai can a 1934, kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. An daɗe ana haɗa bikin da tseren motoci. Da aka farfaɗo da shi a watan Maris na 2020, bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, motocin sun taso ne daga Abuja a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da ƙera motoci, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna wajen zana motoci a Amurka, yake shugabanta a lokacin. Babbar manufar tafiyar ita ce a nuna wa jama'a motocin da ake haɗawa a Nijeriya. Manufa ce mai kyau, ba wanda ya ce a daina. Sai dai masu wannan ra'ayi suna ganin abin ya fi kusa da baje koli a kan hanya, kuma ko da ayarin ya biyo ta Yelwa, abin da mutanen gari za su samu bai wuce ƙura da ɗaga hannu ba.

Tseren rali na ainihi yana da tsarin da yawancin masu kallonsa a waya ba su kula da shi. Kafin mota ta motsa sai masu bincike sun duba ta ciki da waje: birki, taya, tankin mai, bel ɗin ɗaure jiki, hular kwano, da ƙarafan da aka gicciya a cikinta don kada rufi ya danne direba idan ta kife. Motar da ta kasa, ko ta wane ce, ba ta tashi. Akan rufe hanyar da za a yi gudu a kanta, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintoci, kowace tana tsere da agogo. Tsakanin wannan zango da wancan kuwa, direba yana bin titin jama'a bisa dokar hanya kamar kowa, kuma wanda ya isa wurin rajista kafin lokacin da aka yanka masa, hukuncinsa ya fi na wanda ya makara tsanani. A gefen direba akwai mataimaki riƙe da littafin hanya, yana karanta masa kowace kwana da kowane rami tun kafin a kai gare su.

Tarihin wasan a Afirka ya nuna juriya ce take cin gasa. An fara Safari Rally a Gabashin Afirka a 1953, kuma Peugeot 504, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ta ci gasar a 1975. Duk wanda ya taɓa shiga 504 ya san ba don ta fi kowa gudu ake ƙaunarta ba, sai don ta iya shanye rami. A Kwaddibuwa kuwa, a gasar Bandama ta 1972, ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Gasar Paris zuwa Dakar ita ce ta fi kusanto ƙasar Hausa. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya kafa ta, aka tashi karo na farko ran 26 ga Disamba, 1978, da ababen hawa 182, inda 74 kaɗai suka isa Dakar. Shekara da shekaru tana ratsa Jamhuriyar Nijar ta Agadas da hamadar Tenere. 'Yan kallo har yau suna kewarta, suna fatan ta dawo Afirka daga Saudiyya, inda ake yinta tun 2020. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne mutanen ƙauyukan da take bi. A 2006 kaɗai motocin gasar sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal, kuma ba su ne na farko ba. Shi kansa Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a watan Janairu na 1986, yana cikin kula da gasar. Wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Yelwa da Koko zuwa Jega, da yadda tankokin mai da tireloli da motocin albasa suke gogayya a kanta, ga kasuwanni da makarantu a bakin titi, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da tsere zai haifar a nan ba. Wasan babura da motoci da samari kan yi a bikin aure ya isa misali.

To, idan ba titi ba, sai ruwa. A nan ne maganar masu wannan ra'ayi take da ƙarfi.

An fara gina Madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, wanda ya miƙo har kusa da Yelwa, ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Mutum kimanin 44,000 aka sake wa matsuguni, cikinsu har da Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, watau tsibiri. Duwatsun da suka halaka Baturen nan Mungo Park a 1806, jim kaɗan bayan ya wuce Yauri, yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Amma ba su kaɗai ne a ƙarƙashin ba. Ba a sare dukan itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya hau, saboda haka akwai kututturai da yawa da suke tsaye har yau. Idan tafki ya cika suna can ƙasa, ba ruwansu da kowa. Idan ya janye sai kawunansu su matso kusa da saman ruwa, daidai inda cikin jirgi da farfela suke bi.

Hawa da saukar ruwan kuwa yana da lokacinsa, domin Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Farin ruwa yakan zo ne wajen ƙarshen damina, daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, ɗauke da laka. Baƙin ruwa kuma yakan iso cikin sanyi, bayan ya taso daga tsaunukan Gini ya daɗe yana tacewa a fadamun Mali. Daga bazara sai tafkin ya riƙa janyewa yayin da ake sakin ruwa don samar da wutar lantarki, har ya kai ƙarshen raguwarsa cikin damina. Watau lokacin da kututturai suka fi kusa, shi ne kuma lokacin guguwar farkon damina, wadda takan taso cikin ɗan lokaci ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafki inda ba wurin fakewa.

A kan wannan ruwa ne dubban mutane suke zirga-zirga tsakanin gaɓar Kebbi da ta Jihar Neja, da albasa da shinkafa da kifi da dabbobi da babura. Inda mota za ta yi doguwar kewaya, jirgi yana ƙetarewa kai tsaye, kuma a wasu ƙauyukan ma ba wata hanyar sai shi. Kafin zuwan inji, ƙarfin damtsen mai filafili shi yake iyakance girman jirgi da nauyin kaya da nisan tafiya. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi ya kawar da wannan iyaka. Jiragen katako sun ƙara tsawo, kaya sun ƙaru, kuma abin da matuƙi yake samu ya dogara ga yawan kawunan da ya ɗauka da yawan sawun da ya yi kafin kasuwa ta tashi. Wanda ya riga isa mashigi shi zai riga yin lodi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kowane sawu ya ninka, matsin da ke sa a ƙara mutum goma a kan waɗanda jirgi zai iya ɗauka shi ma ya ƙaru. Wannan shi ne tseren da ake nufi. Yana da inji, yana da gogayya, yana da lada ga wanda ya riga isa. Abin da ya rasa shi ne mai bincike kafin tashi, da littafin hanya, da hukunci ga mai gaggawa.

Mutanen Ngaski ba su manta da ran 26 ga Mayu, 2021 ba. A ranar ne wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakanin gaɓar Jihar Neja da garin Wara. Kimanin mutum 20 aka ceto, kuma cikin 'yan kwanaki an tsamo gawa fiye da 70, da yawansu mata da yara. Jami'ai sun ce jirgin tsoho ne, kuma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A watan Oktoba na 2023 wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa da suka taso daga yankin Agwara za su kasuwar Yauri. Haɗari mafi muni a tarihin tseren motoci na duniya shi ne na Le Mans a Faransa a 1955, inda mutum fiye da 80 suka mutu, har wasu ƙasashen Turai suka dakatar da wasan. Na Wara bai gaza wannan ba, amma jirage sun ci gaba da lodi.

Hukumomi ba su zauna haka kawai ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, tana da ofishi a Yauri, kuma dokokinta sun hana tafiyar dare da lodin wuce kima, sun wajabta sa rigar kariya. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, mai hedkwata a Minna, ta sha raba rigunan. Matsalar ita ce mashigai suna da yawa, ma'aikata kaɗan ne, rigar kuwa mutane da yawa ba su sonta. Wasu suna cewa tana da zafi, wasu suna ganin raini ne a ce wa ɗan Basarke ko Bagunge ya sa riga don tsoron ruwa, wasu kuma suna cewa wanda kwanansa ya ƙare riga ba ta hana shi tafiya.

Abin sha'awa shi ne, tseren motoci ya sha irin wannan gardama, kuma masu sha'awarsa a Yauri sun san labarin fiye da kowa. Bayan haɗarin da ya yi a Beljiyam a 1966, inda ya maƙale a cikin mota man fetur yana tsiyaya a kansa, Jackie Stewart ya shiga fafutukar a sa shinge a filayen tsere, a tanadi likitoci, a tilasta ɗaura bel. Mutane da yawa sun kira shi matsoraci, alhali ya ci kambin duniya sau uku. A 2018 aka wajabta wani ƙarfe mai kewaye kan direba a motocin Formula One. 'Yan kallo sun ce ya ɓata kyan mota, direbobi da dama sun ƙi shi, ciki har da Romain Grosjean. A watan Nuwamba na 2020 a Bahrain motar Grosjean ta ratsa shingen ƙarfe ta rabu biyu ta kama wuta, ya fito da ƙuna a hannu, kuma shi da bakinsa ya ce ƙarfen ne ya tsirar da shi. Hamilton ma, wanda ya soki ƙarfen da farko, ya gode masa bayan da motar Verstappen ta hau kansa a Italiya a 2021. Saurayin da ya san wannan tarihi sarai, sa'an nan ya shiga jirgin Wara ya zauna a kan rigar kariya don kada katako ya dame shi, akwai abin dubawa a lamarinsa.

Daga nan masu ra'ayin sukan juya ga Rigata. Wannan biki na Masarautar Yauri, kamar yadda masu tarihin ƙasar suke bayarwa, ya samo asali ne daga mayaƙan ruwa na Gungawa da farautar dorina da suke yi a cikin jirage, wadda take zama horo ga samari. Da Turawa suka hana farautar sai ya koma wasan nuna bajinta a bukukuwan manya da tarbar baƙi, har aka yi shi don girmama Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, lokacin da ya ziyarci Yelwa. An farfaɗo da shi a zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, kuma a 'yan shekarun nan akan yi shi cikin watan Fabrairu. Tseren kwalekwale na filafili shi ne abin da ya fi jan ido, kuma ba wanda ya taɓa ganin tsayin layin matuƙa suna zuba filafili lokaci ɗaya da zai so a taɓa shi.

Shawarar ita ce a ba matuƙan inji gasa tasu dabam, a kan tsarin rali. Jirgin da zai shiga sai an duba katakonsa da injinsa, an shata masa layin da ruwa ba zai wuce ba, an ƙidaya rigunansa. A ɗora masa buhunan yashi daidai nauyin lodin kasuwa, ba fasinja ko ɗaya. A yanka masa hanya mai zango-zango da lokacin isa kowane zango, wanda ya riga lokaci a rage masa maki kamar wanda ya makara. A sa masa jarrabawar tayar da injin da ya mutu a tsakiyar ruwa, da tsamo mutumin da ya faɗa, da kai jirgi gaɓa idan iska ta taso. Wanda ya ci ya sami sabon inji, wanda ya kammala kuma ya sami shaidar da za a manna a jikin jirginsa, yadda matar da za ta kasuwa da goyo za ta san jirgin da za ta zaɓa. Masarauta da NIWA da ƙungiyar masu jirage da Ƙananan Hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga sun isa su shirya wannan, kuma kuɗinsa bai kai na shimfiɗa ɗan guntun titin tsere ba.

Ba shakka shawarar tana shan suka daga ɓangare biyu. Samari suna cewa wannan ai jarrabawa ce aka sa mata rigar wasa, kuma ba wanda zai tsaya cikin rana yana kallon jirgin yashi yana bin agogo. Su abin da suke so irin wanda aka yi a Legas ne a watan Oktoba na 2025, lokacin da gasar E1 ta zo Afirka karo na farko, da jiragen lantarki masu tashi sama da ruwa a kan fikafikai, har da ƙungiyar Didier Drogba a ciki. Sukar tasu tana da gaskiya a gefe ɗaya, domin wasan da ba 'yan kallo ba ya daɗewa, kuma dole a sami zango ɗaya na gudu zalla a gaban jama'a, a ruwan da aka share aka killace. Amma jiragen Legas sun zo ne a cikin kwantena, sun yi kwana biyu, sun koma. Dattawa kuma suna tsoron ƙarar inji ta danne kiɗa da filafili, har a wayi gari samari sun daina koyon tuƙin hannu. Wannan tsoro ya fi na samarin nauyi, kuma maganinsa shi ne a raba ranakun, a kuma sa tuƙin hannu cikin jarrabawar, tun da yake matuƙin da injinsa ya mutu a tsakanin Wara da Tsibirin Foge ba abin da zai koma gare shi sai filafili.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu shawarar kansu ba su daidaita a kansa ba. A watan Fabrairu tafki a cike yake, kututturai suna can ƙasa, saboda haka gasar da aka yi a lokacin ba ta gwada matuƙi a kan abin da ya fi kashe mutane. Yin ta a watan Mayu kuwa ganganci ne. Abin da wasu suke gani shi ne a raba aikin biyu. Idan ruwa ya janye, a tara tsofaffin matuƙa da masunta, waɗanda suka san inda kowace tsohuwar kuka da tsamiya take tsaye, su zagaya tare da ɗalibai da ma'aikatan cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa, a rubuta wuraren a littafi da taswira, a ɗaura musu alama mai yawo a saman ruwa. Wannan littafi shi mataimakin matuƙi zai riƙe ranar gasa. Idan an gama biki baƙi sun watse, a bar alamun inda suke, daga mashigin Yelwa har zuwa Wara, a kuma ba kowane mashigi kofen littafin kafin iskar farkon damina ta fara kaɗawa.